Reshen Hagu na Batang Kalumbi

Shekara goma sha tara Rosmaniar ta yi tana huda dutse a bayan garin Kalumbi, inda tsaunuka suke gangarowa har bakin teku. Ramuka arba'in da ɗaya ta sa aka haƙa. Daga kowane rami injin ya zaro dogayen sandunan dutse, aka jera su cikin akwatunan katako a rumfar kamfani, ita kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya da madubinta mai ƙara girman abu, tana lasar dutsen don ƙwayoyinsa su fito, yadda masu wannan sana'a suke yi idan ba baƙo a kusa. Abin da ta samu bai wuce zare-zaren dalma da tutiya ba, sai ɗan koren tagulla nan da can. Ya isa a ce mata ta ci gaba, bai isa a buɗe mahaƙa ba.

Duk wahalar nan a kan layi biyu ce na wani rahoto da wani injiniya ɗan Holan ya rubuta tun zamanin mulkinsu. Ya ce akwai jijiyar ma'adini mai kauri, ɗauke da dalma da tutiya da tagulla da azurfa, tafiyar rabin yini daga inda rassan kogin Batang Kalumbi biyu suke haɗuwa, a reshen hagu. Rosmaniar ce ta zo ta ɗaya a ajinsu na jami'a a birnin Bandung, ta kuma san abin da littafi ya ce: hagun kogi, mutum yana kallon inda ruwa ya nufa ake ƙirga shi. Ta san mutanenmu ba haka suke yi ba. Mu daga teku muke shiga kogi, don haka hagunmu na mai hawa ne. Amma ai Bature ne ya rubuta, in ji ta, Bature kuwa ba ya ƙirga kogi irin na masunta. Kamfanoni uku da suka riga ta haka suka karanta. Mutane suna ɗauka idan masu ilimi suka yi baki ɗaya magana ta tabbata. Ba sa tuna cewa littafi ɗaya aka karantar da su.

Sai babban ofis ya gaji, ya aiko Yurnalis ta rufe wurin. Ajinsu ɗaya da Rosmaniar, ƙaramarta da shekara biyu, kuma kowa ya san da aron littattafan Rosmaniar ne Yurnalis ta tsallake jarrabawa, da kyar. Maimakon ta zauna a rumfa ta ƙirga akwatuna, kullum da hantsi tana kan bencin Etek Baidar, wato Inna Baidar, tsohuwar da ke sayar da shinkafa da miyar kan kifi a bakin gada, tana cin abinci tana cin hira. A nan tsohuwar ta gaya mata cewa Baturen nan bai taɓa wuce gonar kwakwa ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi a wani gida a bakin teku tun ranar da ya sauka. Kakanta, Angku Tamin, shugaban leburorinsa, shi ke hawa ya sauko da duwatsu a kwando, yana faɗa, Bature yana rubutawa daga kan tabarma.

Yurnalis ta ɗauki guduma da maza huɗu ta hau ɗaya reshen. Bayan wata huɗu aka haƙa rami na arba'in da biyu.

Ranar da aka sauko da akwatunan, Rosmaniar ta tsaya a kansu. Mita goma sha ɗaya, ma'adini zalla, dalmar tana walƙiya, tagullar rawaya jawur a jikinta. Ta ɗaga guda, nauyinsa ya ja hannunta ƙasa. Ba ta lasa ba. Wannan ba ya bukatar lasa, makaho ma zai gane shi da nauyi.

"Uni Ros, ki ce wani abu mana," in ji Yurnalis, wadda Uni, wato yaya, take kiranta, tana fifita da hularta. "Ko dai harshen ya ƙare a lasar wancan tsaunin?"

"Sa'a kika taka, Yur."

"Sa'a da miyar kan kifi. Sau nawa na ce ki zo mu ci, kika ce wurin akwai ƙuda?"

"Har yanzu akwai ƙudan."

"Akwai. Su ma sun san reshen hagu."

Masu haƙa suka tuntsire da dariya, Rosmaniar ma ta buɗe haƙora. Amma daga ranar, abinci ya daina yi mata daɗi. Ba ma'adinin ke cin ta ba. Da wani farfesa ne ya zo da na'ura daga Jakarta ya gano shi, da ta tafa masa. Yurnalis fa! Matar da har gobe sai ta juya taswira sau biyu kafin ta gane arewa. Ta kwana uku tana bin sandunan rami na arba'in da biyu tana neman aibu, ko an jera su a karkace, ko an ƙara awo. Ba ta samu ba. Aikin tsaf yake, abin da ya ƙara mata zafi ke nan.

Ranar Litinin manaja Pak Zulfahmi, wato Malam Zulfahmi, ya kira ta ofis.

"Ibu Ros," in ji shi, wato Uwargida Ros, "rahoto zai tafi Juma'a. Babin tarihin bincike ke za ki rubuta, ba wanda ya san wurin nan kamarki. Kin dai san al'adarmu: wanda babin ya ce shi ya gano jijiya, sunansa take ɗauka a taswira." Ya yi murmushi. "Jijiyar Yurnalis. Da daɗin faɗa, ko?"

"Da daɗi, Pak."

Ta fito tana jin sunan yana mata amo a ka. Nan da shekara hamsin ɗalibai za su buɗe taswira su ga Yurnalis da manyan baƙaƙe, ita kuma layi ɗaya a ƙasa: an haƙa ramuka arba'in da ɗaya ba tare da sakamako ba. Kuma da hannunta za ta rubuta.

Washegari da hantsi aka gan ta a bakin gada, karo na farko cikin shekara goma sha tara, da littafi da alƙalami.

"Yau kuma Ibu injiniya ce a bencina?" in ji Etek Baidar. "Allah ya sa dai ba ruwa za a tafka ba."

"Etek, labarin kakanki nake so. Cikakken sunansa, da shekarar, da duk abin da kika tuna."

"Sai kin ci tukuna. Ba na ba da labari ga mai busasshen baki."

Ta ci, tana korar ƙuda da hagu. Ta rubuta shafi tara. Ta bi tsohuwar har gida aka nuna mata wani dunƙulen dalma da ake danne ƙofa da shi tun kafin a haifi mahaifiyar Etek Baidar. Ta je maƙabarta ta kwafo shekarun daga kan dutsen kabari. Ba a taɓa yi wa Angku Tamin hidima irin wannan ba, ko da yana raye. Ranar Alhamis babin ya kammala, kuma babu kalma ɗaya ta ƙarya a cikinsa. Ya ce Tamin ne ya gano jijiyar, injiniyan ya rubuta daga bakinsa, masu bincike na baya suka juya masa hagu, sannan ma'aikatan kamfani suka sake tabbatar da wurin a bana.

Yurnalis ta same ta a rumfa bayan la'asar, takardun a hannunta. Ba ta zo da wasa ba yau.

"Na karanta, Uni."

"Akwai kuskure?"

"Ina! Ke da kuskure? Jijiyar Tamin. Ya cancanta. Da kin tambaye ni, da ni ma haka zan ce." Ta juya shafin. "Amma 'ma'aikatan kamfani', Uni? Su wane ne? Direba? Mai gadi?"

"Haka ake rubuta rahoto."

"Sunan Baturen da bai tashi daga tabarma ba ya fito sau bakwai, na ƙirga. Naki sau huɗu."

Rosmaniar ta shiga gyara murfin wani akwati da ba abin da ya same shi.

"Tun Bandung nake bin ki da 'Uni, ara mini', kina ba ni kina kallon gefe," in ji Yurnalis. "Ban taɓa jin haushi ba, kin fi ni, kowa ya sani. Da akwatunan nan suka sauko, wallahi ba taswira na tuna ba. Cewa na yi, yau dai Uni Ros za ta rubuta sunana da hannunta, sau ɗaya."

Ta ajiye takardun a kan akwatin, a hankali, ta fita ta bi hanyar gada.

Rosmaniar ta ɗauki alƙalami. Akwai wuri a jimlar, kalma ɗaya ce, za ta shiga ba tare da an taɓa Angku Tamin ba, kuma taswirar ba za ta sauya ba. Ta ɗora bakin alƙalamin a wurin har tawada ta yi ɗigo. Ta daɗe a haka, injin yana ruri can sama a kan tsauni, ana haƙa rami na arba'in da uku inda Yurnalis ta nuna.

Da safiyar Juma'a ta miƙa wa Pak Zulfahmi babin. Ya karanta a tsaye, ya ɗaga gira, ya ce lallai wannan adalci ne da ba a saba gani ba, zai faɗa a babban ofis. Ya tambaye ta ɗigon tawadar nan na shafi na shida, ko akwai abin da ta so ƙarawa.

"Babu, Pak," ta ce. "Alƙalamin ne yake yoyo."