Mama Bisi a Hanyar Offa

Humaira na riƙe da cokalin kunu a bakin Mama Bisi sai aka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Ba ƙarar keke-napep ba ce irin wadda unguwar Gwadangaji ta saba ji. Babbar mota ce, ta yi gurnani ta mutu. Tsohuwar ta kau da bakinta daga cokalin.

"Ya iso," in ji ta. "Aje kunun ga, ɗiyata. Gyara min kallabi, kar shi ishe ni haka."

Ibukun, autar Mama, wadda ke jinyarta tun da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, ta fita da sauri ko takalmi ba ta sa ba. Humaira ta ɗaura wa tsohuwar kallabi, ta goge mata gefen baki, ta ja zane ta rufe ƙafafun da suka kumbura.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan su Humaira da wannan gida. Mama Bisi Bayarabiya ce 'yar Offa, amma tun tana amarya mijinta Akanbi ya kawo ta Argungu, inda ya buɗe shagon kayan injin ban ruwa. Can ta haifi 'ya'yanta, can ta koyi Hausa, can kuma aka rufe Akanbi. Bayan rasuwarsa ta dawo Birnin Kebbi tana sayar da atamfa a kasuwa. Lokacin da Humaira ta yi haihuwar fari, mahaifiyarta ba ta da rai, Mama Bisi ce ta riƙa rufe shagonta da wuri tana zuwa ta dafa ruwa ta yi mata wankan jego. Tun daga nan ba ta ƙara kiranta da suna ba, sai "ɗiyata".

Abiodun, babban ɗanta da ke zaune a Legas, ya shigo ɗakin da ƙurar hanya a jikinsa. Dogon mutum ne, furfura ta fara fito masa. Ya kwanta rub da ciki a kan siminti, yadda ake gaida iyaye a garinsu, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya tashi ya zauna bakin gado suka shiga Yarabanci. Humaira ba ta jin yaren, amma ta ji sunan Offa yana ta dawowa, ta kuma ga Ibukun ta juya fuska bango.

Mama Bisi ta dubi Humaira, ta koma Hausa da gangan.

"Kin jiya? Wai tahiya da ni za shi yi."

Da Abiodun ya fita yin alwala, ta kama wuyan hannun Humaira. Yatsunta sanyi ƙalau.

"Ke ka karantar da yara sha'anin iyali a makaranta, ko ba haka ba? To ga iyali nan ya zo miki har gida. Yi mishi magana. Ni Offa ba ni da kowa sai kushewu. Waɗanda munka yi wasa da su duk sun tahi."

"Zan yi, Mama."

Bayan la'asar ta same shi zaune a kan benci ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Ta gaishe shi, ta tsaya daga gefe.

"Yaya Biodun, likita ya ce jikinta ba ya ɗaukar doguwar tafiya."

"Ya ce in ta zauna za ta tashi?"

Likita bai faɗi haka ba.

Hausarsa ta Argungu ce, ta ƙuruciya, ta ɗan yi tsatsa amma tana nan.

"Malama, na san abin da kunka yi mata. Ibukun na gaya min komi. Allah shi saka. Amma in tambaye ki. In ta cika nan da hantsi, za ku jira ni?"

"Ka san ba a jinkirta gawa."

"Na sani. Haka anka yi da babana. Ina Legas anka kira ni. Ban ko koma gida ba, daga wurin aiki na wuce tasha. Sa'adda na iso Argungu har an watse. Wani dattijo ya kai ni maƙabarta ya nuna min tudun ƙasa, ya ce ga babanka nan." Ya shafa fuskarsa da tafin hannu. "Bara na koma. Na zagaya, na zagaya, ban gane wane na nashi ba. Ruwa ya daidaita su duka. Na tsaya tsakiya na yi addu'a ga kowa."

Wani mai baro ya wuce yana tallan albasa. Abiodun ya jira har muryarsa ta yi nisa.

"Na gina gida Offa. Na bar mata wurin kabari a tsakar gida, inda jikokinta za su san ga kakarsu nan. Akwai asibitin wankin ƙoda kusa da mu. In Allah ya ja kwana, to. In bai ja ba, ni zan sa ta da hannuna."

"Ita fa? Ka ji abin da take so?"

"Na jiya," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Uwata ta."

Humaira ta zo ne da shirin fuskantar mai taurin kai, sai ta tarar da mutumin da ya rasa kabarin ubansa.

Ta je ta sami surukinta, Malam Abdussamadu, limamin unguwa, ta roƙe shi ya sa baki. Dattijon ya ɗauki sandarsa ya je, suka daɗe a kan benci. Da ya dawo ya tsaya a zaure yana kaɗa kai.

"Na gaya mishi ƙasa duk ta Allah ta, inda mutum ya faɗi nan anka rubuta. Ya saurara da ladabi. Amma ɗanta na, Humaira. Mu maƙwabta muke. Haƙƙinmu babba na, sai dai bai kai nan ba."

Washegari da safe tana da aji. Ta hau keke-napep zuwa kwalejin da take koyar da ilimin zamantakewa, ta tsaya gaban allo, darasin da ya faɗo ranar kuwa shi ne manyan mahangai uku da masana ke kallon iyali da su. Shekara da shekaru tana koyar da shi, ko barci take za ta iya.

Ta ce wasu masana na ganin al'umma kamar jikin mutum, kowace gaɓa da aikinta, iyali kuwa aikinsa raino da tarbiyya da riƙon mara lafiya da tsoho. Tana faɗa tana ganin Ibukun durƙushe tana wanke zannuwa, da ita kanta da cokalin kunu, tana tambayar ranta wace gaɓa ce maƙwabciya. Ta ce wasu kuma na ganin gida fage ne na ja-in-ja, wanda ke da ƙarfi, babba ko namiji ko mai abin hannu, shi ke yanke magana, masu wahalar kuwa sau da yawa ba a tambayarsu. Wannan ma gaskiya ne, ba wanda ya tambayi Ibukun. Sai ta zo kan na uku, masu cewa a dubi ma'anar da mutane ke ba abubuwa, domin kalma ɗaya tana iya zama abu biyu a bakin mutum biyu. Ta rubuta "gida" a allo, ta tsaya tana kallon kalmar har ɗalibai suka fara motsi.

Wani ɗalibi daga baya, Sunusi, ya ɗaga hannu.

"Malama, to a cikin ukun wane na daidai?"

"Kowane yana ganin wani abu na gaskiya."

"To in mutum ya gane su duka, shina iya gyara rikicin gida?"

Ajin ya yi dariya. Humaira ba ta yi ba.

"Zai dai gane abin da ke faruwa," ta ce. "Ku buɗe shafi na gaba."

Da ta dawo ta tarar an fara ɗaure kaya. An fito da akwatunan ƙarfe tsakar gida, Ibukun na cusa tufafi idonta jawur. Mama Bisi na kwance, numfashinta ya ƙara nauyi. Humaira ta zauna kusa da ita.

"Mama, na yi magana. Malam ma ya yi. Ban iya ba."

"Bari, ɗiyata. Ni da kaina na ce mishi to."

Humaira ta ɗago.

"Da safe ya shigo, shina tsammanin barci nike. Ya zauna nan ƙasa ya riƙe ƙafata shina kuka, babban mutum da furfura." Ta huta, ta ja numfashi. "In na ƙi, ni kwana kaɗan zan ji daɗin ƙin. Shi ko da abin za shi zauna har tsufanshi. Ni na haife shi."

"Amma ba ki so."

"Ba ni so." Ta yi ɗan murmushi. "Akanbi na Argungu, ni Offa. Ya ɗauko ni daga can ya kawo ni, ga shi ya yi zamanshi ni an mai da ni. Allah shi haɗa mu inda ba a hawan mota."

Kashegari bayan sallar asuba aka shimfiɗa katifa a bayan motar. Matan layin suka fito da hijabansu suka jeru jikin katanga. Abiodun ya ɗauko uwarsa a hannu kamar yarinya, ba ta da nauyi. Da aka kwantar da ita ta ce a buɗe gilashi. Ta bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunan kowa, tana cewa a yafe mata. Malam Abdussamadu ya yi addu'a, aka shafa. Ibukun ta damƙa wa Humaira makullin gidan.

Humaira ta sa hannu ta taga, tsohuwar ta riƙe. Motar ta fara tafiya a hankali, Humaira na bin ta, har hannun ya zame. Ta tsaya tsakiyar layi tana kallo har motar ta karya kwana ta nufi hanyar Jega.

Ranar ba ta iya cin komai ba. Tana shirin sallar azahar wayarta ta yi ƙara. Ibukun ce. Da farko ba ta ji murya ba, sai iska da ƙarar manyan motoci na wucewa.

"Anti Humaira. Mama ta tahi. Mun wuce Yawuri kaɗan. Ta ce a ba ta ruwa, na ɗaga kanta, shi ke nan."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Humaira ta zauna a bakin rijiya. "Kuna ina yanzu?"

"Bakin hanya muke. Na ce mishi mu koma, gida ya fi kusa. Bai ce min komi ba. Shina zaune cikin mota ya riƙe hannunta." Muryarta ta karye. "Anti, ki yi mishi magana."

Humaira ta ji ana miƙa wayar, ta ji numfashin namiji. Ta buɗe baki. Tana iya cewa Malam na nan, mata na nan, kafin magariba an gama komai. Tana kuma jin muryarsa ta shekaranjiya a kan benci.

"Yaya Biodun," ta ce. "Allah ya jiƙanta. Allah ya ba ku haƙuri."

"Amin, Malama. Na gode. Za mu wuce."

"Allah ya kai ku lafiya."

Wayar ta mutu.

Labari ya zaga unguwa kafin la'asar. Ba gawa, ba wanka, ba makara. Mazan da suka saba ɗaukar fatanya su nufi maƙabarta suka tsaya cirko-cirko a ƙofar masallaci, daga baya suka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiya suka zauna. Humaira ta buɗe gidan, mata suka cika tsakar gida. 'Yan kasuwa suka zo, Hausawa da Yarabawa da Ibo, kowa ya shigo sai ya waiga yana neman wanda zai yi wa gaisuwa. Da ba su ga kowa na jini ba, sai su durƙusa gaban Humaira.

"Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki," take amsawa, har muryarta ta dushe.

Washegari da hantsi wata tsohuwa ta sauka daga keke-napep da kwano ɗaure cikin ɗankwali. Laure ce, matar wani masunci, maƙwabciyar Mama Bisi ta zamanin Argungu. Ta ji labarin ciwo ne kawai, ta taso dubiya. Ta yi sallama da fara'a, sai ta ga tabarmi, ta ga mata zaune jugum, ta ga ɗakin a buɗe gado ba katifa.

Humaira ta tashi ta tare ta, ta faɗa mata a hankali.

Laure ba ta yi kuka ba. Ta tsaya riƙe da kwanon da hannu biyu, tana duban ƙofar ɗakin.

"Farfesun kifi na," ta ce. "Da asuba na dafa. Ba ta son yaji da yawa, ban sa ba."

Humaira ta karɓa. Gindin kwanon da sauran ɗumi. Ta rasa inda za ta kai shi, sai ta ajiye a inuwa bakin ƙofar ɗakin. Aka matsa wa Laure wuri a tabarma ta zauna. Rana ta yi ta ɗagawa, inuwar na janyewa, kwanon na nan a ɗaure ba wanda ya kwance ɗankwalin.