Hular Rabi'u

Arzika ya sauka daga motar Argungu a tashar Birnin Kebbi yana dafe da aljihun gaba, inda ya sa takardar da liman ya rubuta masa. Ya hau babur zuwa gidan yari.

Shekara bakwai ke nan da Tamba ya sari Mujtaba, ɗan Arzika, da shebur a fadama, a kan wanda zai fara jan ruwa zuwa shinkafarsa. Kotu ta yanke wa Tamba kisa. Alƙali ya ce in magaji ya yafe jinin, kisan ya faɗi. Arzika ya ce bai yafe ba.

Tun daga nan Rabi'u, mahaifin Tamba, yake zuwa kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Sai ya zauna a ƙofar gidan Arzika, ya tuɓe hula ya ajiye a ƙasa. Arzika yakan tsallake hular ya shige gida. Makon jiya Rabi'u ya rasu, ga shi Arzika ne mai wankan gawa a unguwar. Da ya ɗaga shi, sai ya ji shi sakayau kamar damin kara. Ranar addu'ar uku ya je wurin liman.

Ganduroba ya karanta takardar, ya miƙa masa abarsa.

"Baba, ai wagga takarda, kotu za ka kai ta."

"Na sani, ɗana. So nike Tamba ya fara ji daga bakina."

"To, Allah shi sa ya ji."

Aka fito da Tamba. Arzika ya san shi ƙato mai ɗaukar buhu biyu a kafaɗa. Wanda ya tsaya a bayan ƙarfen duk kansa furfura, idonsa na kan ƙofa.

"Yau ne?" in ji Tamba.

"Kullum aka buɗe ƙofa abin da yake tambaya ke nan," in ji ganduroba. "Ko mai kawo kunu ne. Ba a zo an kashe shi ba, ba a kuma ce mai an fasa ba. A shekara ta huɗu kansa ya taɓu."

Arzika ya matso, ya riƙe ƙarfen.

"Tamba, ni ne, baban Mujtaba. Na yafe maka duniya da lahira."

Tamba ya dube shi da ladabi, ya gyara wuyan rigarsa.

"Yau ne, ranka shi daɗe? In yi alwala?"

 Arzika ya tuɓe hularsa, ya sunkuya ya ajiye ta a ƙasa gaban ƙarfen. Tamba bai ko kalle ta ba.

"Baba, ɗauki hularka," in ji ganduroba. "Lokaci ya cika."