Rumbunan Magaji Mai Hoto

"Indo, zo ki shaƙa ki gaya mini. Ƙauri ne, ko hancina ne?"

Na ajiye almakashi na zagaya. Bango ɗaya ne tsakanin shagon ɗinkina da shagon hoton Malam Magaji, a layin da ke gangarawa bakin ruwa a Yelwa. Na same shi durƙushe gaban kwamfutarsa yana danna maɓalli, ya saki, ya sake dannawa. Tun daga ƙofa na ji warin ƙonanniyar waya. Da asuba aka yi ruwa da tsawa, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, har firjin mai lemo na ƙarshen layi ya ƙone.

"Ƙauri ne, Malam."

Ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar. Ƙafafunsa sun kumbura tun kafin azumi, silifas ma ba ya shiga sosai. Ya daɗe yana kallon akwatin ƙarfen, sannan ya yi ɗan murmushi.

"Babu komi. Hotunan suna sama. Murja ta kai su sama."

Malam Magaji ya fara ɗaukar hoto shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato. Ya ɗauki hotunan suna da biki kamar kowane mai hoto, amma zuciyarsa na bakin ruwa. Ranar kasuwa yakan tsaya inda jirage ke sauke mutane, ya ɗauki masunta, da mata masu kwandon kifi, da 'yan albasa, ko an sa shi ko ba a sa shi ba. Ya bi ƙauyukan gaɓa daga Shanga har Wara. Shi ya sa duk sanda jirgi ya kife, bayan an gama zaman makoki, shagonsa ake zuwa. Wasu ba a ga gawarsu ba. Mutum zai zauna a benci ya faɗi suna da ƙauye, Malam ya yi ta bincike har ya fito masa da fuskar.

Kwamfutar tana da faifan ajiya uku a cikinta, shi kuma rumbuna yake ce musu. Na farko na aikin yau da kullum ne, fasfo da hotunan 'yan makaranta. Na biyu na biki da suna. Na uku na mutanen ruwa ne, har da tsofaffin fina-finan kyamararsa da ya yi shekaru yana kwafewa ciki ɗaya bayan ɗaya kafin sanyin damina ya gama cinye su. Da 'yarsa Murjanatu, wadda ke aiki a Birnin Kebbi, ta zo hutu, ta haɗa masa ajiyar intanet da suke kira kilawud. Ta nuna masa wata 'yar alama kore a gefen allo, ta ce muddin tana kore, komai ya hau. Kullum da safe sai ya duba ta kafin ya share shago. Da fina-finan suka gama ruɓewa suka manne da juna, bai damu ba. Ni na taya shi zuba su a buhu.

A makon da kwamfutar ta ƙone ne Saratu ta dawo. 'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Ngaski. Mijinta Shu'aibu direban jirgin kasuwa ne, ya nutse da fasinjojinsa tana da ciki, ba a same shi ba. Yarinyar da ta haifa ta fara tambayar kamannin ubanta. Ta taɓa zuwa, Malam ya ce ta ba shi lokaci, domin ya san Shu'aibu, shi ya riƙa kai shi ƙauyuka a jirgi wata shekara.

Ta tsaya a ƙofar shagona da ƙullin busasshen kifi a hannu.

"Sannu da aiki, Inna. Mai hoton hwa? Na ga an kulle."

"Ba shi da lafiya, yana gida. Injin kuma ya lalace. Amma ya ce hotunan na nan, 'yarsa za ta zo ta sauko da su."

"To. Ki ba shi wanga, ki ce Saratu na gaishe shi. In na samu jirgi ina dawowa."

Murjanatu ta zo ranar Juma'a, ganin jikin ya yi tsanani. Ta kai akwatin wurin mai gyara. Ya buɗe, ya gwada fayafan ɗaya bayan ɗaya, ya ce wutar ta bi ta kansu duka, ko motsi ba sa yi. Ba ta tsorata ba. Ta zo shagona da ƙaramar kwamfutarta saboda a nan sabis ya fi ƙarfi, ta zauna kan tabarma kusa da kekena ta shiga ajiyar.

Ina ɗinki ina jin ta tana danne-danne. Can sai na ji shiru. Na waiwaya na ga ta ɗora hannu a ka.

"Murja, lafiya?"

"Gwaggo, rumbu ɗaya ne."

"Kamar yaya ɗaya?"

Ta juyo mini allon, kamar zan gane. Ta ce tsarin da ta shigar da shi, faifan farko kawai yake ɗauka da kansa, wanda kwamfutar ke tashi da shi. Sauran biyun sai an shiga an zaɓe su da hannu, a wani wuri da ba ta taɓa buɗewa ba. Alamar ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka ce ta ɗauka ta ɗauke duka, shi ya sa take kore. Alamar ba ta ma san da sauran ba.

Ta rubuta wa kamfanin. Suka amsa cikin ladabi cewa abin da bai taɓa hawa ba, ba su da shi.

"Hotunan Innata, Allah ya jiƙanta, na cikin na biyu," in ji ta. "Ranar sunana. Tana riƙe da ni."

Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta rufe kwamfutar ta zauna tana tsince zaren da ya manne a tabarma.

Bayan la'asar na kai masa kunu. An shimfiɗa masa katifa a barandar tsakar gida saboda zafi, ƙarƙashin inuwar darbejiya. Ya rame a fuska, cikin kuma ya tashi. Murjanatu na yi masa fifita.

"Murja, kin sauko da su?"

Ta dube ni. Na sunkuyar da kai, domin ba maganata ba ce.

"Baba, na hwarko kaɗai ya hau. Fasfo da 'yan makaranta. Sauran ba su hau ba. Ni ce ban duba ba."

Ya rufe ido. Na zaci bai ji ba. Akuyar maƙwabta ta leƙo ta ƙofa ta koma. Sai ya ce, a hankali, "Ashe sun sake nutsewa."

Nan ta fashe. Ya lalubo hannunta ya riƙe.

"Bari, ɗiyata. Ni ma kullum ina kallon koren nan, ban taɓa tambaya tai mi yake gani ba."

Daga ranar zazzaɓi ya riƙa ɗaukarsa yana saukewa. Da rana tsaka, ido buɗe, sai ya juya wajen zaure.

"Indo, ki ce su shigo daga rana."

"Su wa, Malam?"

"Ga su nan sun yi layi. Rigunansu na ɗiga. Sun zo karɓar hoto."

Na duba. Babu kowa sai buta da tsintsiya. Amma shi yana kiran su ɗaya ɗaya. Modibbo mai albasa, da hularsa a karkace. Halimatu da tagwayenta, ɗaya na kuka ɗaya na dariya. Wani Bakambare dogo da bai yarda a ɗauke shi ba sai da ya wanke ƙafa. Yana faɗin inda kowa ya tsaya, da ta ina rana ta bugo shi, da launin jirgin da ke bayansa. Wasu na san su, na yi wa matansu ɗinki. Ina zaune cikin zafin nan ina saurare. Murjanatu ta kunna wayarta ta ajiye kusa da matashinsa tana ɗaukar muryar, amma ta yi ƙasa sosai, rabi numfashi ne.

Wani lokaci hankalinsa ya dawo sarai, ya tambaye ni ko matar Ngaski ta zo. Na ce ta zo, har ta kawo kifi.

"Ki ba ta haƙuri. Na ɗauke shi, wallahi na ɗauke shi. Shina tsaye bisa hancin jirgi, shina dariya."

Ya cika ranar Talata da hantsi, Murjanatu na ɗiga masa ruwa a baki da cokali. Kafin azahar an sallace shi. Daga soron gidan na ga masunta sun hauro daga bakin ruwa da wandunansu a naɗe, sun bi makara. Ban san wa ya kai musu labari ba.

Bayan addu'ar bakwai na koma shago. Shekaru ina jin ƙugin fankar kwamfutarsa ta bango ban san ina ji ba, sai da ya daina. Nakan tsayar da keke in kasa kunne.

Saratu ta dawo ana gobe Murjanatu za ta koma aiki. Ta ji rasuwar a jirgi. Ta yi gaisuwa, ta zauna, ba ta tambayi komai ba. Murjanatu ce ta gaya mata, ba ta rage ko kalma ba. Saratu ta gyaɗa kai.

"Allah ya jiƙan shi. Ya yi niyya." Ta dubi ƙaramar kwamfutar. "Waɗanda suka rage ɗin, ina iya gani?"

"Fasfo ne kawai, Yaya. Ba ya ciki. Na duba da sunansa."

"Ko hakanan."

Suka zauna a tabarmata. Murjanatu ta buɗe hotunan ƙauyukan Ngaski tana wucewa da su. Fuskoki ne a gaban farin ƙyalle, maza da mata, kowa ya daskare yana kallon gaba. Waɗannan ba a riga an yanke gefensu ba. A ƙauye babu bangon da za a rataya ƙyalle, sai wani ya tsaya a baya ya ɗaga shi, don haka ana ganin yashi a gefe, da ɗan ruwa, da kan kwalekwale. Saratu na kiran sunan waɗanda ta sani a hankali.

"Tsaya," in ji ta. "Koma baya."

Wata tsohuwa ce da kallabi shuɗi. Saratu ba ita take kallo ba. A saman ƙyallen, ta dama, akwai hannun wanda ya riƙe shi. Yatsu huɗu, baƙaƙe, ƙaramin ya lanƙwashe bai kama ƙyallen ba.

"Igiyar inji ta karya ma Shu'aibu shi," ta ce. "Bai ƙara miƙewa ba."

Murjanatu ta matsa gaba. Hannun na cikin hoto na biye, da na bayansa, duk mutanen ƙauyen sun zauna sun tashi a gabansa. A wani wurin iska ta tura ƙyallen baya, ya kwanta a jikin mutumin, har ana ganin tudun kafaɗa da goshi.

Saratu ta goge tafinta a zane, ta matso. Ba ta taɓa allon ba, ta tsayar da hannunta dab da shi. A waje masu kifi na wucewa da baro zuwa kasuwa. Hasken allon ya fara dushewa, Murjanatu ta taɓa shi da yatsa ya dawo.