Kwamanda da Almakashin Mama

Babana cewa yake ƙungiyarmu ta marasa aikin yi ce. A bayan shagon Dogo mai gyaran talabijin muke haɗuwa, muna farautar tsofaffin finafinan yaƙin sararin samaniya, irin waɗanda in ka zuba ido za ka hango zaren da aka rataye jirgin da shi. Dogo ya wanke hoto a kwamfuta, ni in gyara sauti. Abin da ya fi ɗauke mana hankali shi ne fassarar Hausa da aka ɗora wa finafinan tun zamanin kaset, kuma gwanin gwanayen wannan sana'a ba kowa ba ne illa shi mai yi mana gorin rashin aikin yi.

A ɗakin kwanansu Baba yake aikinsa a wancan lokaci, da makirfo guda. Shi ne jarumi, shi ne mugu, shi ne mata, shi ne mutum-mutumin ƙarfe in ya cusa kai cikin bokiti. Ko kalma ɗaya ba ya ji a yaren fim ɗin, baki kawai yake kallo ya sa masa abin da ya ga dama. Na'urarsa kuma ba a tsayar da ita, don in an tsayar magana da hoto sun raba hanya, sai a koma farko. Saboda haka duk abin da ya shigo ɗakin ya shiga fim.

Haka Mama ta shiga. A fim ɗinsa da ya fi tashe, daidai inda kwamanda ya durƙusa gaban sarauniyar wata duniya, sai a ji an banko ƙofa, a ji muryar mace tar: “Wai kai, ina ka kai min almakashina? Mai kaya na tsaye a waje.” Baba ko gezau. Cikin muryar kwamanda ya amsa: “Yana ƙarƙashin katifa, ranki ya daɗe, ki yi wa mutanena afuwa.” Yaran unguwa kaf sun tashi da imanin cewa a kan almakashi aka yi yaƙin nan.

Mama tela ce, bakinta kuwa ya fi almakashin kaifi. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, ya tafi da maganarta. Tun daga nan gidanmu ya yi tsit. Baba yana tafiya da sanɗa, yana mata magana ƙasa-ƙasa kamar baƙuwa, ko musu ya daina. Ran da na zuba kaset ɗin a kwamfuta na ji wannan faɗa ya fito garau, sai da na kifa kai a tebur na yi kuka mai isata. Babu wani wuri a duniya da muryarta ta rage sai nan.

Da Baba ya ji za a haska fim ɗin a zauren taro, kuma a saka shi a intanet inda kowa zai gani, sai ga shi a shago da sandarsa.

“Auta, wannan wurin za ki cire min.”

“Wane wuri, Baba?”

“Kin fi ni sani. Kwamanda guda ana aikensa neman almakashi. Shekara da shekaru ana min dariya a titi.”

Dogo ya ce, “Baba, ai mu ƙa'idarmu ba ma taɓa abin da aka naɗa. Ko tari ne muna barinsa.”

“Tarin wa? Muryata ce ko taku?”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya ci Mama a gardama ba, sai yanzu da ba ta da bakin ramawa zai zo ya ci ta ta bayan fage. Amma muryarsa ce, in bai yarda ba babu fim. Na cire. Sai aka samu kwamanda durƙushe, babu wanda ya tambaye shi komai, yana sanar da sarauniya cewa abu na ƙarƙashin katifa.

Baba ya saurara, ya sosa ƙeya. Ya ce to sai ya sake naɗar layin, kuma a ɗakinsa, don sautin ɗaki ya zo ɗaya. Nan ya yi gaskiya, ko ni zan ce haka.

Washegari da hantsi na kai makirfo da kwamfuta. Mama na jingine da matashi, kofin shayi da cokali a gefenta, tana bin mu da ido. Ban ɓoye mata ba, na gaya mata abin da muka zo yi tiryan-tiryan, wataƙila ma na ɗan ƙara gishiri. Baba ya gyara murya, ya ce shi ba ya aiki guntu-guntu, daga farkon fitowar za a ɗauko a tafi ba tsayawa, yadda ya saba.

Tsoho dai bai manta hannu ba. Muryar ta yi kauri, ƙirji ya buɗe, kwamanda ya durƙusa. Ya ja numfashi zai faɗi sabon layinsa na girma da ɗaukaka, sai ƙwal, ƙwal, ƙwal. Mama ce take buga cokali a ƙarfen gado.

“Sannu, ruwa kike so?” in ji Baba a hankali. Ta kau da kai.

Aka koma farko. Duk tsawon fitowar ba ta motsa ba, sai da kwamanda ya kai gwiwa ƙasa. Ƙwal. Aka sake. Wannan karon ta bari har ya furta kalmar farko, ya saki jiki, sannan ta sakar masa. Na ɗauke cokalin don kada a ce da haɗin bakina, na ajiye shi daidai inda hannunta mai lafiya zai kai.

Ban san karo na nawa ba ne Baba ya fizge abin saurare daga kunnensa ya juya.

“Ke Tela, wai me na yi miki ne? Mutum ba zai yi aiki a gidansa ba? Da can kin hana ni sakat, yanzu ma kina kwance ba za ki bar ni ba? Jarababbiya kawai!”

Na tsorata, don rabon da a ɗaga murya a ɗakin nan tun kafin asibiti. Sai na ga kafaɗar Mama na rawa. Dariya take da rabin fuskarta, hawaye na bin ɗaya kumatun. Ta nuna shi da cokali, ta yi wani gurnani mai tsawo wanda babu kalma ko ɗaya a ciki, amma duk wanda ya tashi a gidanmu ya san fassararsa.

“Ni ne jarababben?” in ji Baba. “To sake faɗa in ji.”

Ta sake. Ya rama. Ta ɗora masa da cokali. Suka yi ta yi har numfashinsa ya ƙare, ya zauna a bakin gadon yana haki, ya kama hannun mai cokalin ya riƙe. 

“Auta, na'urar nan tana ɗauka?”

“Kai ka ce kada a tsayar, Baba.”

Ya goge ido da bakin hannun riga. “Ki mayar da muryarta cikin fim ɗin yadda take. Wannan na yau kuma ba na zauren taro ba ne, ki sa min a wayata. Nawa ne.”