Layin da Dogo Ya Ja a Ƙarƙashin Sirdi

Wata biyar bayan rasuwar mijina, Baban Tsigi, na sauke kekensa daga bangon da yake rataye. Keken tsere ne mai siririyar taya, ƙahonsa a lanƙwashe kamar na rago. Ba don sha'awa na ɗauko shi ba. An mayar da ni ɗakin wanki na wani asibiti a can ƙarshen gari, motar haya kuma ba ta kawo ni makarantar Tsigi kafin a tashi. Sau biyu ina tarar da ita a bakin ƙofa ita kaɗai, 'yar shekara shida, ta rungume jaka.

Rabona da keke tun ina yarinya, shi ma ɗin ba irin wannan ba. Ga shi mijina Dogo ake kiransa, kuma sunan bai yi ƙarya ba. A jikin ƙarfen da ke ɗauke da sirdi akwai layin da ya ja da bakin ƙusa, daidai tsawon ƙafarsa. In wani ya ari keken ya taɓa sirdin, sai ya mayar da shi kan layin yana mita. Na ba da rigunansa, na ba da takalmansa, layin nan ne kaɗai ya rage da ke faɗin tsayinsa. Don haka ban taɓa shi ba.

Sati biyu ina hawa a haka. Bayan gwiwata ya riƙa ja, yatsuna su mutu kafin in kai rabin hanya, wuyana ya sage. Na ce sabo ne zai zo. Ran nan a gaban makarantar na ja birki, na miƙa ƙafa ban sami ƙasa ba, na kife a tsakiyar titi. Wata mota ta tsaya dab da kaina. Tsigi na kallo, ba ta yi kuka ba. Sai da muka kama hanyar gida, ina tura keken ina ɗingishi, ta ce, "Mama, ke ma za a kai ki asibiti ki daɗe?"

Washegari muka tafi wurin tsohon da ke gyara wa babanta keke. Yana hango mu ya ajiye sifana.

"Keken Dogo! Allah ya jiƙansa. 'Yata, ke ce kike hawan raƙumin nan?"

"Birkin ne, Baba. A duba mini."

Ya matsa birkin sau biyu, ya dubi gwiwata da ta goge. "Birki lafiyarsa lau. Hau in gani, zan riƙe miki."

Na hau. Ya sa na juya feda baya, ya koma bayana yana kallo.

"Kin ga ƙugunki? Dama, hagu, kamar agwagwa ta ci ta ƙoshi." Tsigi ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba. "Ɗora diddigenki a feda, ki kai ta ƙasa. To, bai kai ba ma. In sirdi ya yi daidai, diddige zai zauna, ƙafa ta miƙe. In kika mayar da gaban ƙafa, gwiwa ta ɗan lanƙwasa. Ga hannuwanki kuma a sandare, kamar mai miƙo abu daga ƙetaren rafi. Zan sa wa keken gajeren wuya, ƙahon ya matso. Sirdin kuwa sai ya sauka yatsa huɗu."

"A canja wuyan, Baba. A bar sirdin."

Ya sunkuya, ya ga layin, ya shafa shi da babban yatsa.

"A gabana ya ja shi," ya ce. "Da ƙusata, kuma bai mayar mini ba." Ya miƙe da ƙyar. "Ba zan tilasta miki ba, 'yata. Amma shi da ya ja layin nan, don kada ya ji ciwo ya ja shi."

Na dubi Tsigi. Ta kama gefen rigata ta murɗe a hannu, abin da take yi tun jiya. Uba ɗaya gare ta, ya tafi. Uwa ɗaya gare ta.

"Gogewa zai yi?" na tambaya.

"A'a. Ciki zai shiga."

Na karɓi sifanar daga hannunsa, na kwance notin da kaina. Ƙarfen ya ɗan ƙi, sannan ya zame a hankali, layin ya nutse cikin bututun keken har na daina ganinsa. Tsohon ya ɗaure, ya sa na sake hawa. Diddigena ya zauna, kafaɗuna suka sauka, ba inda ke ja. Daɗin da na ji shi ya fi komai yi mini zafi.

Ya miƙo mini ƙusa. "Ja naki."

Na ja, layin ya fito a karkace. Tsigi ta leƙa ƙarƙashin sirdin, ta sa yatsa a kai.

"Na Baba yana ina?"

"Yana ciki," na ce. "Riƙe jakarki, mu tafi."