Harshen Mai Sabulu

Shekara arba'in da 'yan kai Mai Sabulu yana dafa sabulu a bayan gidansa, kuma a duk shekarun nan babu sanda ɗaya da ta taɓa fita ƙofar gidan sai da 'yar'uwarta ta bi ta kan harshensa. Haka sana'ar take. A narka kitse, a tace, a zuba ruwan soda, a juya da muciya har kafaɗa ta yi tsami, a juye a akwatin katako, a yanka da waya, a jera a bisa kanta ya sha iska mako shida. Daga nan sai tsohon ya ɗauki guda, ya ɗora tsinin harshensa a fuskar da waya ta yanka. In soda ta yi yawa za ta tsunkule shi kamar ya lashi batir, shi suke ce wa cizo, kuma sabulu mai cizo yana saɓe fatar mutum. In bai ji komai ba sai ɗan ɗaci, sai ya ce, "Ya kwanta." Wannan maganar duk gidan ke jira.

Ba ya barin kowa ya lasa. Marigayiya matarsa ta sha yi masa tsiya, wai harshensa ne mai gidan, shi haya kawai yake yi.

Wata bakwai da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a bakin murhu. Likita ya ce jini ne ya hau, ɓarin jiki ya ɗan taɓu. Hannu ya dawo, ƙafa ta dawo, har faɗan da yake yi wa mutane ya dawo cif. Harshe ne bai dawo ba. Gishiri da sukari duk ɗaya suke a bakinsa, kamar yana tauna auduga. Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da ɗaukar sabulu yana lasa, yana lumshe ido, yana cewa ya kwanta, ransa kuwa na masa zafi don ya san ƙarya yake yi.

A lokacin ne ɓeraye suka sako shi gaba. Autarsa, wadda ta dawo gida da tsohon ciki saboda mijinta direban dogon zango ne, sau uku tana gaya masa ɓera ya ɓata jeri guda, ta kwashe ta mayar tukunya ta ƙara kitse. Ya yi ta faɗa, ya ce sakacinta ne. Ya sayo tarko har biyu, ko jela bai kama ba.

Da ta haihu, yarinyar ta zo da wata irin fata, busasshiya, tana tsagewa a wuya da gaɓoɓi. Ma'aikaciyar asibiti ta ce a raba ta da sabulun kanti mai turare, a nemo mai laushi. Tsohon ya sa takalmi ya tafi wajen mahauci ya ce a ajiye masa tozon raƙumi. Kitsen saniya yana ba da sabulu mai tauri, na tunkiya ya fi shi tauri ga ƙarni, amma tozo sabulunsa fari ne tas, kumfarsa kamar madara. Shi ya yi wa Auta wanka da irinsa tana jaririya.

Raƙumin tsoho ne, tozon duk jijiya. Da ya narke, man bai kai zanen awon da ke cikin tukunya ba, ya rage kamar yatsa biyu. Tsohon ya gani. Hannunsa dai ya riga ya saba da gwangwanin soda, ya cika shi ya zuba kamar kullum, ya ce a ransa harshe zai faɗa. Sai da ya juye a akwati sannan ya tuna ba shi da harshen. Don gudun ɓera kuma, wannan karon bai jera a kanta ba. Ya sa a kabad mai ragar waya, ya kulle, ya jefa makulli a aljihu. Auta ta roƙe shi makullin ya fi sau biyar, wai za ta riƙa juya sandunan. Ya ce ta riƙe jaririyarta, shi ya riƙe sabulunsa.

Ran da mako shida ya cika, da hantsi, ta fito da roba da ruwan ɗumi ta ajiye a inuwar rumfar aiki. Ta kwance yarinyar ta ɗora a cinya. Wuyan ya yi ja, tsagar na ɗan tsatstsafo ruwa.

"Baba, ruwan zai huce," in ji ta, ba ta ɗago kai ba.

Ya buɗe kabad ya ɗauko sanda ɗaya. Ta yi kyau ƙwarai, fara, santsi, ba tabo. Ya juya fuskar yankan, ya ɗora harshe, ya lumshe ido. Babu komai. Ya sake ɗorawa, ya danna har haƙorinsa ya bar shaida. Da katako ya lasa ma da haka zai ji. Ya buɗe ido ya ga Auta ta miƙo hannu, yarinyar kuma tana wutsil-wutsil da ƙafa, ba ta san me ake ciki ba. Maganar tana bakinsa, ya faɗe ta sau dubu, ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya dubi wuyan nan, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ran da ya faɗi a bakin murhu.

"Ban sani ba," ya ce.

"Na'am?"

"Ban sani ba ko ya kwanta. Harshena ya mutu, Auta. Tun ciwon nan ba na jin komai. Kuma man bai kai zane ba na zuba soda."

Ba ta yi salati ba, ba ta yi mamaki ba. Ta gyara wa yarinyar kwanciya, ta karɓi sabulun. Ta juya shi ta nemo fuskar yankan, ta goge da gefen zane, ta ɗora tsinin harshe, ta lumshe ido, ta ɗan karkata kai hagu yadda yake yi. Wanda ya fara lasa yau ba ya yin haka. Girarta ta motsa.

"Yana cizo, Baba. Ba kaɗan ba."

Ya nemi kujerar katako ya zauna. Ya daɗe yana kallon ruwan robar.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ran da na yi kuskure na zuba maka gishiri a shayi. Ka shanye tas, ka ce Allah ya yi albarka. Kai da ko cokali ɗaya na sukari ya ragu sai an ji ka a titi."

"Ɓerayen fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ɓera ɗaya ne, Baba. Yana tashi kafin ka dawo daga sallah, ya bi jerin sabulu yana lasa, duk mai cizo ya mayar da shi tukunya."

Ya so ya yi dariya, ya fasa. Ya tuna zagin da ya yi mata a kan sakaci, tana tsaye da ciki wata takwas tana juya tukunya. Ya tuna makullin da ke aljihunsa. Wato dai da hannunsa ya kulle wa jikarsa harshe ɗaya tak da ya rage a gidan.

"Da na ce ya kwanta fa?"

"Da sai na lasa a gabanka." Ta dubi yarinyar. "Tun asuba nake roƙon Allah kada ka sa ni."

Yarinyar ta soma ƙananan kuka, iska na taɓa ta. Tsohon ya tashi a hankali, ya je ƙarshen kanta inda ragowar sabulun kitsen saniya na watan jiya ke jere, wanda shi ya lasa ya wuce da shi. Ya zaɓi guda, ya goge da rigarsa. Hannunsa ya kai rabin hanya zuwa bakinsa, sabo ne, sai ya tsaya. Ya dawo ya durƙusa a gaban 'yarsa, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ya kwanta?" ya tambaye ta.

Ta lasa, ta lumshe ido, hawaye ya gangaro ta gefe.

"Ya kwanta, Baba."

Ya ciro makullin ya ajiye a kan zanenta. Sannan ya naɗe hannun riga, ya taɓa ruwan da bayan hannu ya ji bai huce ba, ya ce ta miƙo masa yarinyar.