Dakuwar Baba Ishaku

A gidana ba a ce wa baƙo ya tafi. Haka na tarar da uwar mijina tana yi, haka mijina ya yi har Allah ya karɓi abinsa, haka ni ma, Suwaiba, nake riƙe da masaukin nan namu na Gazawa. In kwanakin zaman baƙo sun cika, sai in soya aya da gyaɗa, in daka dakuwa, in ƙulle a ƙyalle, in ajiye masa a bakin ƙofa. Guzuri ke nan. Wanda ya san mutunci, da ya ga ƙullin nan sai ya fara naɗe tabarmarsa. Ba wanda ya ce uffan, ba wanda ya ji kunya.

Daminar da muka samu mulkin kai, Ɗan Azumi direba ya ɓullo da wata sana'a. Akwai mutanen ƙasar nan da dama da suka gudu kudu, ƙasar Katsina, zamanin aikin dole, suka tsufa a can. Da suka ji Nasara zai kwashe komatsansa, sai marmarin gida ya taso musu. Ɗan Azumi kuwa dama ba ta giftawa ta gabansa ya ƙyale ta. Ya riƙa loda su a kamyonsa, babbar motar nan tasa ta kaya, yana zagayawa da su ganin gida, daga Tibiri zuwa Gidan Sori, a bi ta Sae Sabuwa, a ƙare a nan wurinmu. Shi ne direba, shi ne ja-gora, shi ne mai bayani. Sai ya tsaya gindin kuka ya ce nan aka yi kaza, tsofaffin da aka yanke cibiyarsu a wurin suna gyara masa, shi kuma yana musu da su.

Cikin ayarin da ya kawo mini akwai wani tsoho dogo siriri mai tari, Baba Ishaku. Kwana biyu aka kama musu. A rana ta ƙarshe aka kai su Gangara, ƙauyensu na asali. Da suka dawo kowa na zuba, wannan ya ga rijiyar kakansa, wancan ya ga tsamiyar da ya taɓa faɗowa daga kanta. Baba Ishaku kaɗai ya zauna bakin ƙofar ɗaki yana jujjuya butarsa.

"Uwar ɗakina," in ji Ɗan Azumi, ya ja ni gefe, "tsohon nan ya ɗaure mini kai. Gidansu ya zama gonar hatsi. Amma wani ya ce masa ƙanensa Nomau na nan da rai, ya koma wata tunga ƙetaren gulbi, kuma ba ya fashin kasuwar Gazawa. Nomau na yaro tsohon ya bar shi, ranar da ya gudu kudu. Yanzu ya ce ba zai hau mota ba."

"To ka kai shi tungar mana."

"Da wace hanya? Kamyo ba jaki ba ne. Kuma gobe da safe zan tashi, sauran mutane na jira. Sai na kawo wani ayarin in ɗauke shi."

Tsohon da kansa ya taso ya zo. Ya ce, "'Yata, ki ƙara mini kwana, zuwa ran kasuwa. In na gan shi shi ke nan."

Na ce masa ɗaki nasa ne. Abin da ban faɗa ba shi ne, ɗakunan gidan nan duka akwai mai su. Hambali, wani saurayi mai aiki a buro, ofishin hukuma, ya zo tun kafin wannan da ƙullin goro, ya ce manyan baƙi za su zo daga Maraɗi don bikin mulkin kai, a ajiye musu gidan kaf. Na karɓi goro, na raba wa maƙwabta, na ci nawa. Wanda ya ci goron mutum kuwa ya ɗauki kaya. Amma na lissafa a raina, kasuwa za ta ci kafin biki, tsoho zai ga ƙanensa ya bi shi, kowa ya huta. Na ma aika da saƙo ta bakin wata Bafulatana mai nono, in ta koma ƙetare ta ce wa Nomau yayansa ya zo.

Kamyo ya tashi da safe. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka kwana ana ruwa, aka wuni ana yi. Gulbin da jiya yara ke wasa a rairayinsa ya kawo ja wur, yana ɗauke da itatuwa.

Ran kasuwa Baba Ishaku ya riga masu kasa kaya isa. Ya bi rumfa rumfa, ya duba fuskar duk wani mai furfura, har wani mai sayar da igiya ya tambaye shi ko bashi yake bi. Daga ƙetare ko mutum ɗaya bai zo ba. Ya dawo gida, bai zauna ba, ya fita bakin hanya. Ya dawo, ya kurɓi ruwa, ya nufi gulbi. Tuwon da na kai masa haka na ɗauke shi, ƙudaje ne kawai suka amfana. Ni ma da nake kallonsa sai na kasa zama. Na share tsakar gida, na sake sharewa, na yi wa kaji faɗan da ba su ci ba.

Da yamma ya tsaya daga nesa, ya ce, "'Yata, zuwa kasuwa mai zuwa fa? Ruwan zai janye."

Kasuwa mai zuwa bayan biki ce. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Allah ya kai mu, Baba."

Washegari sai ga Hambali da takalmansa masu ƙara, ya zo duba ɗakuna. Ya leƙa ya ga buzun tsoho da butarsa.

"Inna, wannan fa?"

"Baƙo ne."

"Jibi mutanena za su iso. Kumanda, shugabanmu na buro, da kansa ya tambaye ni, na ce masa gidan Inna Suwaiba ba a saɓa magana."

"Ɗan nan, ɗaki ɗaya ne. Ku matsa wa juna mana."

"Manya ne, Inna, ba buhunan gyaɗa ba. In kin fasa ki gaya mini tun yanzu, in san inda zan sa kaina."

Raina ya ɓaci, amma yaron bai yi ƙarya ba. Na zaga gari neman inda zan sa tsoho. Kowane gida cike da dangin da suka zo biki, har rumbuna an kwana a gindinsu. Zaurena kuwa tun ruwan farko rufinsa ya zube, ko akuya ba zan ɗaure a ciki ba, balle mai tari. Ɗakina na mata ne, ba zai shiga ba ko na roƙe shi. Na dawo gida ƙafafuna duk taɓo, ban samo komai ba.

Na ɗauko aya na zuba a kasko. Ina suya ina tsaki. Tun da nake, ban taɓa daka dakuwar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Taɓarya na sauka, ina jin tarinsa daga ɗaki, na kuma san yana jin turmin, don mutumin ƙasar nan ne, shekarun Katsina ba su mantar da shi ba. Na sa barkono kaɗan saboda ƙirjinsa. Na mulmula, na ƙulle, da gari ya waye na ajiye a bakin ƙofarsa, na shige madafa kamar wadda ta yi sata.

Ba a daɗe ba ya yi sallama. Buzu a kafaɗa, buta a hannu, ƙullin a ƙarƙashin hammata.

"'Yata, Allah ya saka da alheri. Kin yi haƙuri da ni."

Na so ya yi fushi, da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Baba, ina za ka?"

"Inda Allah ya nufa."

Na ɗauka tasha zai je neman motar kudu. Na tsaya ina kallon ɗakin, tsintsiya a hannuna, na kasa shiga. Ina nan tsaye sai ga ƙarar takalman nan. Hambali ne, ko gaisuwar kirki babu.

"Inna, an fasa. Ruwa ya cinye hanya, motar baƙi ba ta da wurin bi. Sun ce za su yi bikinsu a can. Ɗakunanki naki ne, ki ba wanda kike so."

Ban san lokacin da na jefar da tsintsiya ba. Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Jiya da yamma labari ya zo. Na ce bari gari ya waye."

Jiya da yamma, lokacin da nake suyar aya. Abin da na gaya wa yaron nan ba zan maimaita ba, don yanzu babban mutum ne. Na ja mayafi na fita. A tasha ba kowa sai karnuka. Wata mai ƙosai ta ce ta ga dogon tsoho ya yi wajen gulbi. Nan na tattare zane na sa gudu, ni da rabona da gudu tun ina budurwa.

Na iske mutane tsaye a gaɓa. Idi mai fito, wanda ke ƙetarar da mutane da babban gora in ruwa ya yi sauƙi, tun da gulbi ya kawo ya ƙi shiga ko don wa. Amma ga shi can cikin ruwa, yana iyo da hannu ɗaya yana tura gora. Baba Ishaku ya rungume goran, ya ɗaure ƙullin dakuwata a kansa da rawani. Aka ce mini ya gaya wa Idi in bai kai shi ba zai shiga shi kaɗai, don ba shi da wurin kwana a bayansa.

Na ƙwala kira, na ce ya dawo, ɗaki na nan. Ruwa ya cinye muryata. Na bi gaɓa ina tafiya daidai da su, don igiyar ruwa na jan su ƙasa. Wani kututture ya taho, suka ɓace mini, na rufe ido ina kiran sunan Allah. Da na buɗe sai na hangi farin ƙullin nan yana lilo a kan ruwa, can kusa da ƙetare.

Suka fita nesa da inda suka nufa. Tsoho ya rarrafa ya hau tudu ya kwanta. A can ƙetaren akwai wani mutum zaune gindin gawo da jakinsa, masu kallo suka ce tun ran kasuwa kullum yana nan. Ya taso ya nufo su. Ya tsaya kan tsohon, ya daɗe a tsaye, sannan ya durƙusa. Daga inda nake ba na jin komai, ba na ganin fuska. Na dai ga Baba Ishaku ya tashi zaune, ya kwance ƙullin daga kansa, ya gutsura ya miƙa masa. Ni kuwa na zauna a taɓo na yi kuka na ƙoshi.

Sai da rana ta take Idi ya huta ya iyo baya. Ya fito yana haki, ya nufo ni kai tsaye.

"Inna, baƙonki ya ba ni saƙo. Shi ne, ƙanen nasa ne. Ya ce in ruwa ya janye za su zo tare su jira motar Ɗan Azumi. Ki ajiye masa ɗakinsa, ki ƙara tabarma ɗaya."

"Kwana nawa?"

"Na tambaye shi. Ya ce dakuwa ta yi daɗi, amma wannan karon ki bar taɓarya a jingine, shi zai gaya miki ranar da za ki ɗauka."